Bangon da Ke Jawo Rezo

A shekarar da manya suka kwana suka tashi da gardamar ta-zarce a rediyo, mu yaran Maradi tamu gardamar daban ce: wane kamfanin salula ya fi rabon riga. Kamfanonin sun sauko wa garin kamar fara. Ka kwanta bangon unguwarku jar ƙasa, ka tashi ka tarar ya koma ruwan ɗorawa, da hoton wata mata tana dariya da haƙoran da suka ishi mutum biyu. Ka je makaranta ka dawo, bangon da ke kallonsa ya koma shuɗi, da hoton ɗan kokawa ya kara salula a kunne kamar yanzu aka shaida masa shi ya ci takobin gasar kokawa ta bana. Na taɓa gaya wa abokaina cewa wani jaki ya daɗe tsaye a bakin babbar kasuwa, masu fenti suka shafe shi suka wuce. Ba a yi haka ba, amma saura kaɗan.

Ranakun kasuwa babbar motarsu ke fitowa, an jibga mata lasifikoki, samari da ƴanmata cikin riguna kala ɗaya suna rawa a samanta. Wani mai baki yana riƙe da makirfo yana ihu: yau ranar bonis ce, ka sa kati ɗaya a ba ka biyu, ka zaɓi lambar masoyinka ka yi ta kira har kunnenka ya yi zafi, ka sayi sabon layi ka shiga ƙuri'ar tombola ka ci babur. In ya gaji sai su watso riguna da huluna cikin jama'a. Muna bin motar tun daga Zariya, unguwarmu, har tasha. Ban taɓa samun riga ba. Sau ɗaya na cafki hannun wata, wani ƙato ya cafki sauranta, ya yi ta tafiya da ni a rataye har na ga gara in saki.

A gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. Inna takan ce in na shigo na ce ana ruwa, sai ta leƙa waje kafin ta kwashe shanya. Ni kuwa ba don cuta nake yi ba. Labari ne in na faɗe shi yadda ya faru sai in ga ya rame, sai in ɗan ba shi abinci.

Cikin rani malamanmu suka shiga yajin aiki. Baba ya ce ba zai zuba ido ina bin motar kamfani kamar ɗan akuya ba, ya sa ni a taksi zuwa Tsibiri wurin kakata, mahaifiyar Inna.

Gidan Kaka na ƙasa ne, yana bakin godoro, babbar hanyar da motoci ke bi daga Maradi. Bangon da ke kallon hanya dogo ne, sumul, kuma shi ne bayan ɗakin da take kwana. Gadonta a jikinsa yake jingine ta ciki. Gabas yake fuskanta, inda ruwan damina ke bugowa. Ni da ita wasa ne tsakaninmu tun ina goye. Ita ta ce mini Maigida, ni in ce mata Amarya, in ƙara da cewa goro ɗaya na biya sadakinta kuma an cuce ni.

Kaka tana da salula. Kawuna ne, autanta, ya aiko mata da ita daga Libiya inda yake aikin gini. A cikin samira take ajiye ta, naɗe cikin ɗankwali. Abu biyu ta sani game da ita: koren maɓalli, da kai ta shagon caji. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci kawu zai kira, kuma kiran ba ya daɗewa. Matsalar ita ce rezo, wannan abu da ba a gani, wanda in babu shi salula da dutsen guga ɗaya suke. A cikin gidan Kaka rezo leƙowa yake yi ya koma. Sai ka gan ta tana zagaya tsakar gida, daga gindin ɗaki zuwa turken awaki, har kan kifaffen turmi na ga ta hau, tana ta "Alo? Autana, kana ji na?" Kafin ya ji ta, ta ji shi, kiran ya ƙare. Sai ta naɗe salular ta mayar cikin samira, ta wuni ba ta da walwala.

Wata safiya wata ƙaramar mota ruwan ɗorawa ta tsaya a ƙofar gidan. Mutum huɗu suka fito suna kallon bango kamar masu sayen sa. Shugabansu wani dogo ne mai tabarau, mutumin Yamai, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da ya ji ni ɗan kwaleji ne sai ya juya Faransanci, na zama tafinta. Ya ce suna neman bangaye na bakin hanya su shafa musu fentin kamfani kyauta, kuma wannan ya fi duk wanda suka gani tun safe. Ya ce in tsohuwa ta yarda, akwai riga da hula. Na riga na hango rigunan a bayan motar, a cikin leda, ko warware su ba a yi ba.

Kaka ta fito tana gyara lulluɓi. "Maigida, mi suka ce?"

"Sun ce bangonki ya fi na kowa kyau a Tsibiri."

"To sun gani. Su tahi."

"Fenti za su shafa masa, kyauta."

"Ni na ce masu yana jin ƙaiƙayi?"

Ta juya za ta shige. Na ga riga tana tafiya ta bar ni karo na biyu. Sai bakina ya yi aikin da ya saba.

"Amarya, tsaya ki ji. Ba fentin banza ba ne. Akwai maganin rezo a cikinsa. Shi ke jawo magana daga nesa, kamar yadda zuma ke jawo ƙuda."

Ta tsaya. Ta dubi mutanen, ta dubi gwangwanayen fenti. "Autana zai ji ni sarai?"

"Har kukan cikinki zai ji."

"Ja'iri," ta ce. "Su shafa."

Kafin azahar sun gama. Bango ya koma ruwan ɗorawa mai kashe ido, da manyan haruffan Faransanci masu cewa kamfanin yana kusantar da kai da naka duk inda suke. Na sa rigata, ta sauko mini har gwiwa. Yaran unguwa suka kewaye ni suna kallon yadda nake magana da mutumin Yamai.

Da za su tafi, dogon ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa. Ya ce in gaya wa kakata gaskiya: fenti a kan ƙasa ba ya tare ruwa. In lokacin yaɓe ya yi ta yi abinta ta rufe shi, su za su dawo bayan damina su sake shafawa. Mutumin kirki ne, abin da ya faɗa ke nan, ba ragi ba ƙari.

"Mi ya ce kuma?" in ji Kaka.

Yara na kallona. Sai na ga maganar yaɓe ta yi ƙanƙanta da irin wannan taro. Na gyara tsayuwa na ce, "Ya ce ki kiyaye. Duk wanda ya shafe ko harafi guda daga wanga rubutu, akwai na'ura a Yamai da za ta gani nan take. Sai a yanke maki layi, kuma ba a maidowa."

Kaka ta dafe ƙirji ta dubi dogon. Shi kuwa da ya ga tsohuwa na dubansa, sai ya yi murmushi ya gyaɗa mata kai har sau biyu, ya shiga mota. Idon Kaka nake so in ga ya fito, na kuma gani. Na yi niyyar in gaya mata wasa ne da yamma. Da yamma aka kawo tuwo da miyar kuka, na manta.

Juma'a ta zo. Kaka, wadda take cewa mace mai shekarunta ba ta tsayawa a bakin hanya tana ihu, ta fita waje ta ɗora tafin hannu a kan bango. Salula ta yi ƙara. Muryar kawu ta fito tar, kamar yana bayan ƙyaure. Dalilin ba wani abu ba ne: ta wancan gefen dogon ƙarfen kamfani yake, kuma daga bakin hanya babu abin da ya tare shi. Da ta fita tun bara, da tun bara ta ji shi. Amma ranar ce ta fara fita, kuma ranar akwai fenti. Ta gama wayarta ta shigo tana share ido, ta dama mini fura da nono mai kauri, ta ce ashe sadakin goro ɗaya ma yana da rana.

Labari ya bazu. Maƙwabta suka riƙa zuwa da salularsu suna dafa bango. Ranar kasuwa matan ƙauyukan kwari sukan sauke kayansu su yi layi. Wata tsohuwa ƴar bori ta tambayi Kaka cikin ladabi abin da bangon ke ci, don a kawo masa. Kaka ta ce ba ya cin komai, kar dai a taɓa rubutun. Da mutanen kamfanin shuɗi suka zo da laima da bokiti suna roƙon a bar su su shafe shi da nasu, da muciya ta raka su har mota. Ni ina gefe cikin rigata ina ba yara labarin cewa daga Yamai aka zaɓi gidanmu cikin gidajen ƙasar nan duka.

Yajin aiki ya ƙare, na koma Maradi, bango ya fita daga raina.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka Baba ne ke yi wa Kaka yaɓe. Yakan bar garkarsa ta zogale a Jiratawa kwana biyu, ya ɗauki abokansa biyu, a kai amalanken jar ƙasa, a kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a bi bangaye da hannu a lulluɓe su da sabuwar fata. Bangon ƙasa in bai sami wannan ba, damina ɗaya ta ishe shi. Baba kuwa suruki ne na gaske. Daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaida Kaka, ba ya duban fuskarta, ba ya cin abinci a gabanta, ballantana ya ja magana da ita.

A wannan shekarar Kaka ta aiko ta bakin Inna: a yaɓe bangaye uku, a bar na bakin hanya. Baba ya tambayi Inna dalili. Inna ta je ta tambayo. Kaka ta ce, "Ni na san dalilina." Ba ta faɗa wa kowa ba, don tana ganin ko zancen aka yawaita na'urar za ta ji. Baba ya yaɓe uku ya rufe sauran ƙasar da tsohuwar tabarma a bayan gida, ya dawo. Ina cin abinci na ji yana gaya wa Inna cewa wancan bangon shi ya fi buƙata, amma ba shi da bakin musu da Iya. Na kora lomata da ruwa. Na gaya wa kaina ai fenti ma wani irin yaɓe ne, alhali da kunnena na ji mai fentin ya ce ba haka ba ne.

Aka yi ruwa biyu masu ƙarfi. Na raka Inna Tsibiri. Tun daga cikin taksi na ga bangon ya sauya. Fentin ya kumbura ya yi bororo kamar fatar da wuta ta ƙona. Inda ya ɓare, ƙasar da ke ƙarƙashinsa jiƙe take sharkaf, don ruwa ya shiga ta sama fenti ya hana shi fita. Wata tsaga ta taso daga sama ta ratsa tsakiyar rubutun ta gangaro har ƙasa. A cikin ɗaki, daidai kan gadon Kaka, bangon ya yi gumi, in ka danna yatsa sai ya shiga.

Maƙwabciyarta ta ja Inna gefe ta ba ta labari, ina ji. Duk ɓawon fentin da ya faɗo, Kaka na tsince shi ta liƙa da ƙaro. In hadari ya taso takan fita da zana ta jingina wa rubutun, ta tsaya tana dannewa iska na neman ɗaukarta. A makon nan ma wani bango ya faɗa wa awaki a bayan masallaci. Inna ta roƙi Kaka ko gadon ne ta janye. Kaka ta ce salula a jikin bango take kwana, ita kuma ba ta kwana nesa da salula. A hanyar komawa Inna ta rufe fuska da gyale tana kuka a hankali, direba ya rage rediyo.

Washegari na ari keke na koma ni kaɗai. Na tarar da ita tana tsince wake.

"Kaka, ƙarya na yi maki."

"Wace daga ciki?"

Na faɗa mata duka: babu magani a fenti, babu na'ura a Yamai, mutumin ma cewa ya yi a yaɓe. Ta bar ni na kai aya, ba ta daina tsince wakenta ba.

"Ubanka ya aiko ka."

"Wallahi bai san na zo ba."

"Kai ka ce mini an shafe jaki da fenti a Maradi. Kai ka ce ka ga kada a Gulbi da haƙorin zinari. Ran da Allah ya nufe ka da gaskiya guda, mutumin yana tsaye yana gyaɗa kai ina gani da idona, ita kake so ka janye? Tashi ka ba ni wuri, Maigida."

Na yi rantsuwa iri uku. Ta ce duka ukun ta taɓa jin su a bakina.

Na je ofishin kamfanin a Maradi, wuri mai sanyi kamar randa. Na yi wa wata mata da ke bayan kanta bayani. Ta yi dariya har ta kira abokiyar aikinta ta ce in maimaita. Daga baya ta ga ba dariya nake ba, ta ce masu fenti sun yi wajen Damagaram, sai bayan damina. Ta ce za ta iya rubuta mini takarda cewa babu wanda ake yanke wa layi saboda bango. Na yi tunanin wanda zai karanta wa Kaka takardar, na ga ni ne. Na yi godiya na fito.

Abu ɗaya ya rage. Tunda baki ya ƙi aiki, sai ta gani da idonta.

Ranar Juma'a da hantsi na isa Tsibiri. Na jira Kaka ta tafi shagon caji karɓo salularta, don ranar Juma'a ba ta aiken kowa. Na yaye tabarmar da Baba ya rufe ƙasa da ita, na zuba ruwa na kwaɓa, na kwaso a tsohon kwano. Da hannu biyu na bi rubutun nan ina lafta masa laka, harafi bayan harafi. Wani mai shayi a tsallaken hanya ya miƙe tsaye yana salati. Kafin ta dawo babu abin da ya rage sai wutsiyar harafin ƙarshe.

Na shirya wa muciya. Na ma zaɓi gefen da zan ba ta. Amma Kaka ta tsaya kawai, salula a hannu, tana duban bango. Can ta dube ni.

"Maigida, mi na yi maka?"

Na ce, "Zai kira, Kaka. Ki jira ki gani."

Ta shiga ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gindin bangon, ta zauna ta ɗora salula a cinya. Na zauna nesa kaɗan, laka na bushewa a hannuna. Aka yi kiran salla. Na je masallaci na dawo da gudu kafin kowa. Maza suka riƙa wucewa da dardumansu a kafaɗa. Lokacin da kawu ya saba kira ya yi, ya wuce. Salula shiru.

Mata suka fara taruwa. Wata ta ce ai dama yaran birni ba su da tsoron Allah. Wata ta ce ƙila in aka wanke da wuri na'urar ba ta riga ta gani ba. Mai shayi ya ce shi tun safe ya ji rezonsa ya ragu. Maƙwabciya ta kawo wa Kaka abinci, ta ce a ajiye. Ba ta zage ni ba, ba ta ko dube ni ba. Lokaci lokaci takan ɗaga salular ta kara a kunne ko ta yi ƙara ba ta ji ba, ta mayar.

Aka kira la'asar. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. A nan ne na fara shakkar kaina. Na ce to in da gaske akwai na'urar fa? Ni na ƙirƙiro ta, na san ranar, na san rigar da ke jikina lokacin, amma sai ga ni ina hango wani mutum a Yamai zaune gaban allo, ya ga yaro da kwanon laka, ya miƙa hannu ya ja wata waya ya cire. Ina jin a tsakanin azahar da la'asar ɗin nan na yi furfura uku, daga baya suka koma.

Kaka ta yi sallarta a kan tabarmar, salula a gabanta. Tana sallamewa ta yi ƙara.

Sai da ta danna sau biyu. "Alo? Autana?"

Muna jin sa daga inda muke. Ya ce ta yi haƙuri, kankare suke zubawa tun safe, ba a barin sa rabi, yanzu aka sallame su.

"Kana ji na?"

"Sarai, Iya. Lahiya dai?"

Ta ɗaga kai ta dubi lakar da ke bango. Ta dube ni. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba ranar Juma'a: ta miƙo mini salular. "Ungo, maƙaryaci. Gaya wa kawunka abin da ka yi, kuma ka yi sauri."

Na faɗa cikin numfashi ɗaya, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Sai zagin kawu ya taso daga Libiya ya ratso hamada ya shiga kunnena ba tare da ko harafi ɗaya ya ɓace a hanya ba. Ban taɓa jin rezo mai kyau irin na ranar ba. Ya ce in gode wa Allah da nisan da ke tsakaninmu. Ya ce in ba shi Iya. Na ji yana ce mata ko bangon duka aka rushe layinta na nan, kuma don Allah kar ta sake kwana a ɗakin.

Kafin ruwa ya sauko, ni da mai shayi mun fitar da gadon zuwa ƙaramin ɗakin da take ajiye hatsi. Da safe muka tarar wani yanki na saman bangon ya zubo. Rabi ya faɗi waje, rabi ciki, daidai inda matashinta yake zama.

Kaka ta dubi tarin ƙasar ta ce, "Tahi ka ce wa ubanka ina gaishe shi. In yana da sarari ranar Lahadi."

Ni na ba Baba labarin da bakina, a garka, yana tsakiyar ban ruwa. Ya saurara har ƙarshe bai tsayar da aikinsa ba. Ranar Lahadi ya zo da abokansa, ya durƙusa ya gaida Kaka kamar kullum, babu wanda ya ta da zancen tsakaninsu. Ya zagaya bangon ya ce ya wuce yaɓe. Sai da aka sauke rabinsa aka sake ɗora shi kaɗan kaɗan, a yi layi a rufe da zana a jira ya sha iska tsakanin ruwa da ruwa. Aikin kwana biyu ya ci makonni, zogalen Jiratawa na can a hannun maƙwabcin garka.

Bai dake ni ba. Ya ce dai duk ƙasar da za ta shiga bangon nan ƙafata ce za ta cuɗa ta, duk ruwan da za a kwaɓa ta da shi kuma ni zan kawo, kuma cikin rigar kamfani zan yi. Rana ta farko na tsaya hutawa, ya miƙo mini guga ya ce, "Kai da ka iya jawo rezo daga Libiya, jawo mana ruwa daga rijiya." Daga bayan ƙyaure na ji Kaka ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari, don surukinta na wurin. Kafin a gama aikin, rigar ta zama kalar bango, babu mai iya cewa ta wane kamfani ce.

Bayan an yi girbi ƙaramar motar ta dawo, da dogon nan mai tabarau. Na taso zan yi tafinta. Kaka ta ce in je can gindin itacen bedi in zauna inda ba za ta ji muryata ba, ta aika aka kira ɗiyar maƙwabciya da ke aji shida. Ta bakinta ta sa dogon ya maimaita maganar yaɓe sau biyu. Sannan ta ce su shafa, amma su kamfanin shuɗi har bokiti suka zo da shi. Aka ba ta bokiti.

Har yanzu duk Juma'a a nan take tsayawa, tafin hannunta a kan bango. Na ce mata ko ba ta dafa ba zai ji ta, tsayuwa a waje ita ce maganin. Ta ce wa ya tambaye ni.